Gwajin Gadon Ciwon Daji: Abin da Takardar Sakamako ke Faɗa da Abin da Take Yin Shiru a Kai

A Aboabo ko Asawase, unguwannin birnin Kumasi a Gana, idan aka ce za a yi gwajin jini kafin ɗaurin aure, ba a buƙatar dogon bayani. Kowa ya san maganar AA da AS da SS ce, musamman a Kumasi inda aka fara gwada jarirai don gano sikila tun 1995. Idan kuma aka ambaci DNA, hankalin yawancin mutane yana tafiya ne ga rigimar wane ne uban yaro. Yanzu ga gwaji na uku ya shigo zance. Ana ganin tallansa a waya, likitocin daji suna ambata shi ga wasu majinyata, 'yan uwa da ke zaune a Amurka ko Jamus suna bugo waya su ce an yi musu, a gida ma a je a yi. Shi ne gwajin ƙwayoyin halitta da ake cewa yana nuna ko mutum ya gaji haɗarin kamuwa da ciwon daji.

Da yake mutane sun riga sun saba da gwaje-gwajen biyu na farko, sai suke auna na ukun da mudunsu. Yawancin ruɗanin daga nan ya taso.

## Mene ne ake gada?

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi, kuma a cikin kusan kowace ƙwaya akwai rubutaccen umarni na yadda za ta yi aiki, yaushe za ta rabu biyu, yaushe za ta tsaya. Wannan rubutu shi ne DNA. Sassansa da ke ɗauke da umarni guda-guda su ake kira ƙwayoyin halitta ko ƙwayoyin gado, kuma mutum yana da kimanin 20,000. Kusan kowanne kwafi biyu ne, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba.

Duk lokacin da ƙwayar jiki za ta rabu, sai ta kwafe rubutun gaba ɗaya. Wanda ya taɓa kwafar dogon rubutu da hannu ya san ba a rasa tuntuɓen alƙalami. Taba sigari, wasu ƙwayoyin cuta da tsufa kansa suna ƙara yawan kurakuran. Idan kurakurai suka taru a wuraren da ke hana ƙwaya yaɗuwa barkatai, sai ta yi ta haihuwa ba tsayawa. Ciwon daji, ko sankara, ke nan.

Saboda haka kowane ciwon daji daga lalacewar wannan rubutu yake farawa, amma mafi yawan lalacewar a tsawon rayuwa take faruwa, a gaɓa ɗaya ta jiki, kuma ba ta wucewa ga 'ya'ya. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai ake dangantawa da kuskuren da aka haifi mutum da shi.

Akwai ƙwayoyin gado da aikinsu gyaran kuskure ne. Biyu da suka fi suna su ne BRCA1 da BRCA2. A ɗauke su kamar masu gadi biyu a ƙofar shago ɗaya: in ɗaya ya yi barci, ɗayan yana nan. Wanda ya gaji kwafi ɗaya a lalace ya zo duniya da mai gadi ɗaya ne a kowace ƙwayar jikinsa. Lafiyarsa ƙalau muddin wannan ɗayan yana tsaye. Ranar da shi ma ya faɗi a wata ƙwaya ta mama, ƙofa ta buɗe. Wani likita a Amurka, Alfred Knudson, shi ya bayyana wannan tsari a 1971 lokacin da yake nazarin ciwon dajin ido na ƙananan yara. Shi ya sa ciwon daji na gado yakan zo da wuri, wani lokaci a mama biyu, ko a gaɓoɓi daban-daban na mutum ɗaya.

Abin da ake gada ke nan: rauni a tsaro. Cutar kanta tana iya zuwa, tana iya ƙin zuwa har ƙarshen rayuwa.

## Inda ya sha bamban da sikila

A sikila sai yaro ya karɓi ƙwayar gado mai matsala, irin S, daga ɓangarori biyu kafin ya yi ciwo, shi ya sa ake gwada saurayi da budurwa a haɗa sakamakonsu. A BRCA kwafi ɗaya daga ɓangare ɗaya ya isa ya ɗaga haɗari. Idan uwa ko uba na ɗauke da shi, kowane ɗa ko 'ya yana da rabi da rabi, ko ya gada ko bai gada ba, kuma kowace haihuwa lissafinta daban. Ana iya samun 'ya'ya huɗu duk sun gada, ana iya samun huɗu babu ko ɗaya.

Abubuwa biyu suna fitowa daga nan. Na farko, zaɓen miji ko mata mai "tsabtataccen jini" ba ya sauya wannan rabi da rabin, don haka dabarar da ta yi aiki a sikila ba ta da amfani a nan. Auren zumunci ma ba shi ne tushen wannan nau'in ba, ko da yake akwai wasu nau'o'i ƙalilan da sai an gaji kwafi biyu suke bayyana, waɗanda auren dangi ke iya ƙara yiwuwarsu.

Na biyu, dangin uba suna cikin lissafi daidai da dangin uwa. Mace takan ce babu ciwon mama a gidansu don mahaifiyarta da innoninta lafiya lau suke, ta manta cewa goggonninta biyu da shi suka rasu. Namiji yana ɗaukar lalataccen BRCA, yana miƙa shi ga 'ya'yansa, kuma shi kansa haɗarinsa na ciwon dajin furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, yana ƙaruwa, musamman da BRCA2. Maza ma suna yin ciwon dajin mama, ko da yake ba kasafai ba.

## Ba duk ciwon da ya zagaye gida ba ne na gado

A Gana wannan batu yana da nauyi. Ana samun gidan da mutum uku suka rasu da ciwon dajin hanta, a ce ai a jininsu yake. Galibi abin da ke yawo a irin wannan gida ƙwayar cutar hanta ce nau'in B, wadda uwa ke iya sa wa jariri lokacin haihuwa ko yara su ɗauka tun suna ƙanana. Gwajinta mai sauƙi ne, akwai allurar rigakafi, kuma tun 2002 take cikin alluran jarirai a ƙasar. Haka ciwon dajin bakin mahaifa: wata ƙwayar cuta mai suna HPV ce ke jawo kusan dukkansa, shi ma yana da rigakafi. Wanda ya kashe kuɗinsa a gwajin gado saboda waɗannan biyun ya bar jaki yana dukan taiki.

Alamun da ke sa likita ya yi zargin gado sanannu ne. Ciwon mama kafin shekara 50, musamman kafin 40. Ciwon dajin ma'ajiyar ƙwan mace a kowace shekara. Namiji mai ciwon mama. Mutum biyu ko uku a ɓangare ɗaya na dangi da ciwo iri ɗaya ko masu alaƙa. Ciwon dajin babban hanji ko na cikin mahaifa a ƙuruciya, wanda ke iya nuna wani gadon daban da ake kira Lynch. Da kuma jaririn da ƙwayar idonsa ke haska fari in haske ya doke ta, kamar idon kyanwa da dare, wanda ke buƙatar asibiti a makon, ba a jira komai ba.

## Yadda aka zo nan, da inda Afirka ta tsaya

A 1990 wata masaniya a Amurka, Mary-Claire King, ta nuna cewa akwai ƙwayar gado guda da ke bin wasu iyalai da ciwon mama. An ware BRCA1 a 1994, BRCA2 kuma a 1995. Shekaru da dama kamfani ɗaya, Myriad, ya riƙe haƙƙin mallakar gwajin a Amurka, farashinsa ya haura dala 3,000. A watan Yunin 2013 kotun ƙolin ƙasar ta yanke cewa ba a mallakar ƙwayar halittar da aka samu a jikin mutum, wasu kamfanoni suka shigo, farashi ya faɗi. Wata guda kafin hukuncin, 'yar fim Angelina Jolie ta bayyana cewa an cire mata mama biyu bayan gwaji ya nuna tana ɗauke da lalataccen BRCA1. Daga nan zancen ya fita daga ɗakin likita ya shiga bakin jama'a.

Alƙaluman da aka fi yawo da su daga wani babban nazari na 2017 suka fito: cikin mata 100 masu lalataccen BRCA1, kimanin 72 za su yi ciwon mama kafin shekara 80, 44 kuma na ma'ajiyar ƙwai. A BRCA2, 69 da 17. Sai dai matan da aka bi a nazarin mazauna Turai ne da Amurka ta Arewa da Ostareliya da maƙwabciyarta Niyu Zilan.

A yankinmu an yi nazari biyu da ya kamata a sani. A Ibadan an gwada mata 1,136 masu ciwon mama, aka wallafa sakamakon a 2018: kusan 15 cikin 100 suna ɗauke da lalatacciyar ƙwayar gado, 7 a BRCA1, 4 a BRCA2, sauran a wasu. A Gana kuma an tattara mata tsakanin 2013 da 2015 a asibitin Korle Bu na Akra, da Komfo Anokye da Peace and Love a Kumasi, tare da haɗin gwiwar cibiyar binciken ciwon daji ta Amurka. A cikin masu cutar, kimanin 8 cikin 100 aka samu da irin wannan gado. Nazarin ya nuna lalacewar tana ninka haɗari sosai a nan ma, amma da yake ciwon mama bai kai yawan da yake da shi a Turai ba, ƙiyasin haɗarin tsawon rayuwa ya fito ƙasa da na can nesa ba kusa ba. Wato matar unguwar Sawaba a Kumasi da ta karanta "72 cikin 100" a waya ba lallai ne lambar tata ce ba.

Wannan bai rage girman matsalar ba. Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta duniya na 2022 ya ba Gana kimanin sabbin masu ciwon mama 5,000 a shekara, da mace-mace sama da 2,300. Yawancinsu suna isa asibiti bayan ciwon ya yi nisa. Kuma nau'in da ba ya jin maganin toshe sinadaran mata, wanda ake yawan gani tare da BRCA1, ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa.

## Amsa uku, ba biyu ba

Gwajin kansa ba wahala. Jini kaɗan ne ko yawu. Sau da yawa ƙasar waje ake aika samfurin, a jira makonni. Wahalar tana wajen karanta amsa.

Idan an ce an samu lalacewa mai cutarwa, ma'anarsa haɗari ya ƙaru. Ba a ce mutum yana da ciwon a yau ba, ba a kuma faɗi ranar zuwansa ba.

Idan an ce ba a samu komai ba, a nan ne aka fi yin kuskure, don "ba a samu ba" iri biyu ne. A ɗauka an gwada wata Hajiya mai ciwon mama, aka gano takamaiman kuskuren da ke jikinta. Aka duba 'yarta a daidai wannan wuri, babu. Wannan amsa ce mai ƙarfi: 'yar ba ta gada ba, ba za ta miƙa wa 'ya'yanta ba, haɗarinta ya koma kusa da na sauran mata. Amma a ɗauka Hajiyar ta rasu ba a gwada ta ba, 'yar ta je ita kaɗai, aka ce ba a ga komai ba. Ba a san abin da ake nema ba tun farko. Ko ba ta gada ba ne, ko kuwa abin da ke bin gidan yana wani wuri da gwajin bai leƙa ba. Shi ya sa masana ke cewa a fara da wanda ke da ciwon in yana raye, ko da yake a al'ada hankalin dangi ya fi karkata ga gwada masu lafiya.

Amsa ta uku ita ce: an ga wani bambanci a rubutun, amma ba a san ko yana cutarwa ba. Wannan ta fi faɗa wa baƙar fata, kuma dalilin ba a jikinsu yake ba. Ana gane ma'anar bambanci ne ta hanyar kwatanta shi da na dubban mutanen da aka riga aka gwada, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka yi manyan nazarce-nazarcen ƙwayoyin halitta a kansu 'yan asalin Turai ne, alhali Afirka ta fi kowace nahiya yawan bambance-bambancen gado. Harafin da ya zama ruwan dare a Tamale ko Kano yana iya zama baƙo a rumbun bayanan wani ɗakin gwaji a ƙetare. Mafi yawan irin waɗannan daga baya akan gano ba su da illa, kuma ƙa'idar likitoci ita ce ba a yin tiyata a kansu.

Sai a ƙara da gwajin da ake saya ta intanet ba tare da likita ba. Wanda kamfanin 23andMe ya samu izinin sayarwa a 2018 kurakuran BRCA uku kawai yake dubawa a lokacin cikin sama da dubu da aka sani, ukun kuma a wani reshe na Yahudawan Turai suka fi yawa. Bahaushiya ta ga "babu" a irin wannan takarda, kusan ba a gaya mata komai ba.

## Bayan an sani, sai me?

A nan ra'ayoyi suka rabu, kuma kowane ɓangare yana da abin kamawa.

Masu son a faɗaɗa gwajin suna cewa sani yana ba da zaɓi. Mace mai lalataccen BRCA ana fara sa mata ido tun tana kimanin shekara 25, da hoton MRI sannan hoton mama. Cire mama biyu yana rage haɗarin da kashi 90 cikin 100 ko fiye. Cire ma'ajiyar ƙwai da bututunta bayan an gama haihuwa, tsakanin shekara 35 da 40 ga BRCA1, ko 40 da 45 ga BRCA2, shi ne matakin da aka fi ƙarfafawa, don babu amintacciyar hanyar gano wannan ciwon da wuri. Mai Lynch ana duba hanjinsa da kyamara duk shekara ɗaya ko biyu a cire tsiro kafin ya rikiɗe. Ga wadda ta riga ta kamu, sakamakon yana iya sauya irin tiyatar da za a yi mata, ya kuma buɗe ƙofar magunguna irin su olaparib. Sannan gwajin mutum ɗaya yana haska wa 'yan uwa goma hanya.

Masu cewa a bi a hankali ba su musanta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Tambayarsu ita ce nawa ne daga ciki mai sayar da koko a bakin titi za ta iya kaiwa gare shi. Inshorar lafiya ta ƙasa ta sa maganin ciwon mama da na bakin mahaifa cikin abin da take biya, amma kuɗin gwajin gado da hoton MRI na kowace shekara ga mai lafiya galibi daga aljihu suke fita. Na'urorin gashi, wato masu ƙone ƙwayoyin daji da haske, suna Akra da Kumasi ne. A ganinsu, a ƙasar da mata ke zuwa da ƙullin da ya shekara a jiki, kowane sidi, wato kuɗin Gana, da aka kashe wajen gano ƙulli da wuri ya fi ceton rai fiye da wanda aka kashe a gwajin da zai bar mutum da fargaba ba tare da mataki na gaba ba. Ƙwararrun masu ba da shawara kan gado ma 'yan kaɗan ne, duk da cewa Jami'ar Gana da ke Legon ta fara horar da su a digiri na biyu.

Idan aka duba da kyau, ɓangarorin biyu sun haɗu a wuri ɗaya: gwada masu ciwon da alamunsu ke nuna gado, sannan a bi danginsu. Saɓanin yana kan gwada jama'a masu lafiya da babu tarihin ciwon a gidansu.

## Aure, amana da bakin mutane

Sakamakon hawan jini na mai shi ne shi kaɗai. Wannan kuwa, da zarar ya fito ya yi magana a kan 'yan uwa na ciki ɗaya, da 'ya'ya, da 'ya'yan baffa, waɗanda babu wanda ya nemi izininsu. A zango, inda labari ke riga mai shi isa gida, tsoron da uwa ke ji a fili yake: kada a ce gidan Wance suna da daji a jini, manema su janye daga 'ya'yanta. Matar aure kuma tana lissafin yadda miji da danginsa za su karɓi maganar cire mama ko tsayar da haihuwa, ko za a mai da shi dalilin yi mata kishiya. Wannan lissafin ba jahilci ba ne, kuma likitan da ya yi watsi da shi zai ga majinyaciya ta karɓi takarda ta ɓoye a ƙasan akwati.

Ta fuskar addini, masu ƙin gwajin sukan ce leƙen gaibu ne ko rashin tawakkali. Masu amsa musu suna cewa gwajin ba ya faɗin ajali, yiwuwa kawai yake aunawa, kamar mai ganin hadari ya ce a kwashe shanya. Suna kafa hujja da hadisin da ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, da kuma amsar Sayyidina Umar lokacin da ya fasa shiga Sham saboda annoba, cewa ana gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Inda maganar ta fi wuya ita ce ko wajibi ne a gaya wa mai neman aure. Mai ɗauke da lalataccen BRCA ba majinyaci ba ne, kuma yana iya tsufa bai ga ciwon ba, amma batun ya shafi 'ya'yan da za a haifa. Tsarin likitanci a nan shi ne sirrin na mai shi ne, ana ƙarfafa masa gwiwa ya sanar da 'yan uwansa na jini da kansa. Yara ƙanana ba a gwada su don ciwon da sai an girma yake zuwa, ana bari su kai shekarun yanke wa kansu hukunci. Ciwon ido na jarirai da 'yan wasu ƙalilan ne aka keɓe, don a can jinkiri yana cin ido ko rai.

Akwai kuma tambayar ina bayanan suke tafiya. Dokar kare bayanan jama'a ta Gana ta 2012 ta sa bayanan lafiya da na DNA cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman, amma samfurin da ya tsallake teku ya shiga ƙarƙashin dokar wata ƙasa. A 2023 masu kutse sun kai ga bayanan kusan mutum miliyan 7 a 23andMe, a 2025 kuma kamfanin ya shigar da takardar karayar arziki. Haƙƙin mai gwaji ne ya tambayi wane ɗakin gwaji za a aika jininsa, wa zai ga sakamakon, da abin da za a yi da ragowar samfurin.

## Abin da ba ya cin ko sidi ɗaya

Kafin jini, likita tarihin gida zai fara tambaya: wa ya yi ciwo, a wace gaɓa, yana da shekara nawa, ta wajen uwa ko ta wajen uba, har zuwa kakanni. A gidajen zango wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Dangi sun warwatsu daga Kumasi zuwa Yendi, Sakkwato, Yamai ko Wagadugu. Da yawa sun rasu a gida ba tare da sunan cuta ba, sai dai a ce "ciwon ciki ne" ko "ƙari ne ya fito mata" ko a ce sammu. Kunya kuma tana hana ambaton mama da mahaifa a gaban 'ya'ya. Waɗanda suka san gaskiyar galibi tsofaffin mata ne da suka yi jinya ko suka yi wankan gawa, kuma in an same su a keɓe, an tambaya da ladabi, sukan tuna wane gefe ne ya kumbura da kuma ko marigayiyar tana goyo a lokacin. Irin wannan bayani, a rubuce a takarda ɗaya, shi ne zai sa likita a Komfo Anokye ko Korle Bu ya ce a yi gwajin, ko ya ce a ajiye kuɗin a zo a riƙa duba mama a kan lokaci.

Wadda kuma ta riga ta ji ƙulli, ko ta ga jini daga kan mama, ko fatar wurin ta sauya, ba gwajin gado take buƙata a wannan makon ba. Hoto take buƙata da ɗiban ɗan nama daga ƙullin a duba. Maganar gado tana iya biyo baya.